Shekarar koyon Turkanci a Ankara, yadda na same ta

Masu turo min saƙo suna tambaya wai shekarar yaren nan ba ɓata lokaci ba ce, ga amsa nan kowa ya ɗauka. In ka samu tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları, ba ka shiga sashenka kai tsaye, sai an kai ka cibiyar koyon Turkanci ta jami'a, TÖMER suke ce mata, ka taso daga matakin farko, A1, har ka ci babban matakin C1, ko da kuwa da Turanci za a koyar da kwas ɗinka.

Gaskiya koyarwar ta yi. Malamarmu tun ranar farko Turkanci zalla take yi, in ba ka gane ba ta yi maka da hannu ko ta zana a allo, da farko abin haushi yake ba ni amma kafin sanyi ya shigo sai ga shi muna hira da 'yan Somaliya da Indonesiya ba Turanci a tsakani. 'Yan Kazakistan da Uzbekistan kam kar ma ka gwada kanka da su, yarensu dangin Turkanci ne, mu muna rarrafe su suna gudu.

Karatu ba wuya ga Bahaushe, tun 1928 suka bar rubutun Larabci suka koma boko, haruffa 29, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa. Sai dai c ɗinsu j ne, namu c ɗin su ç suke rubuta shi, kai yana ɗan jimawa kafin ya saba. Kalmomin Larabci ma sun cika yaren, kitap, kalem, saat, dünya, wanda ya yi islamiyya ya rage hanya. Inda ake shan wuya shi ne nahawu, aikatau can ƙarshen jimla yake, ga ɗafe-ɗafen da ake jera wa kalma ɗaya har ta yi tsawon layi, sai ka jira mutum ya gama magana kafin ka san ya tafi ne ko bai tafi ba ko ji ya yi an ce an tafi.

Abin da ajin bai ba ni ba shi ne kunne. Littafi ya ce gideceğim, wato zan tafi, mai shago ya ce gidicem ya wuce, kai kana tsaye. Wannan a dolmuş na koya, ƙananan motocin hayar nan da ake miƙa kuɗi hannu zuwa hannu har ya kai wa direba, da kasuwar unguwa mai ci mako-mako, da wajen tsofaffin da ke zama kusa da masallacin Hacı Bayram a Ulus, su kam da sun ji ka haɗa jimla ɗaya sai shayi ya iso, kuma ba ka tashi sai sun ji garinku da sana'ar babanka. 'Yan uwanmu da suka tare ɗaki ɗaya suna Hausa dare da rana sun ci jarabawa lafiya lau, amma zuwa yin ikamet, wato takardar zama, har yanzu sai sun nemi ɗan rakiya.

Ni dai na ba shekarar nan maki huɗu cikin biyar. Wanda zai biya da aljihunsa ya tambayi kuɗin kowane mataki kafin ya taso, farashi ba ya zama wuri ɗaya saboda faɗuwar lira. Kuma ku taho da yaji da kuka da daddawa, miyarsu ba ta san barkono irin namu ba.