Manhajar YouVersion: tana da amfani, amma a kula da ƙidayar kwanaki

Cocin Life.Church da ke Amurka ne ya fitar da wannan manhajar Littafi Mai Tsarki a 2008, kyauta ce, kuma akwai fassarar Hausa a ciki. Da farko a sauke fassarar cikin waya, domin in ba a sauke ba, intanet na yankewa karatu ya tsaya.

Ga wanda neman duniya ya gajiyar da zuciyarsa, muna ba da shawara ya fara da littafin Mai-Wa'azi, sura 12 ne, sura ɗaya kowace rana. Marubucin ya gwada dukiya, gine-gine da jin daɗi, ya tarar duk banza ne. Daga nan a wuce Matiyu 6:19-34. A shafa wa ayar da ta taɓa zuciya launi, a rubuta addu'a gajeriya a ƙarƙashinta. Wannan ɓangaren manhajar da ke ba da damar yin rubutu shi ya fi burge mu.

Abin da ke damun mu shi ne ƙidayar kwanakin da mutum ya buɗe manhajar a jere. Sai ka ga ana leƙawa na daƙiƙa biyar don kada lissafi ya karye, ba a karanta komai ba. A kashe sanarwar sauran manhajoji kafin a fara, a ware minti 15.