Ɗakin kokawar 'yan mata a Jos: kocin ta iya, ɗakin ne da sauran gyara

Tun da abokan aikina suka ji cewa autata tana koyon kokawa, kusan kowace sai ta ja ni gefe ta tambaye ni ina ne wurin, nawa ake biya, kuma wai ba na tsoron a karya min yarinya. Na ga gara in rubuta gaba ɗaya in huta. Ba zan kama sunan wurin ko na mai shi ba, domin akwai abubuwan da zan soka, kuma ba tallar kowa aka ba ni ba.

Wurin yana ta ɓangaren Farin Gada, bayan wani layin masu walda, a cikin wani tsohon sito mai rufin kwano. Babu allo a ƙofa. Mace ɗaya ce ke riƙe da shi, wadda ta taɓa yi wa jiha kokawar zamani a ƙuruciyarta, kuma 'yan mata kawai take karɓa, daga shekara 10 zuwa 17. Ana biyan naira 8,000 a wata. Ana zuwa Talata da Alhamis daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, sai Asabar da safe. Uwar da 'yarta ke Islamiyya ta riga ta gano matsalar: Alhamis ba karatu, to wannan ta yi daidai, amma Talata da Asabar sai an zaɓi ɗaya. Mu Talata muka sadaukar, muka roƙi malamin hadda ya mayar da ita ajin yamma ranar Asabar.

Abin da ya sa na bar yarinyar ta ci gaba shi ne yadda kocin ke farawa da sabuwar ɗaliba. Makonnin farko babu kama kowa. Faɗuwa ake koya: yadda za ki sauka ba ki tokare da tafin hannu ba, yadda za ki manna haɓa a ƙirji, yadda za ki mirgina ta kafaɗa. Sai motsa wuya, a kafa kai da ƙafafu a katifa a banƙare baya sama. Auta ta dawo gida tana ƙunƙuni wai ita kokawa ta je koya, an mayar da ita buhun dankali ana mirginawa. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, na ga wuyan hannun yara da yawa da ya karye don kawai sun kai hannu ƙasa lokacin faɗuwa, don haka ban tausaya mata ba ko kaɗan. Kafin a hau katifa kocin tana bin kowa tana duba farce. Ɗankunne, zobe, awarwaro, kitso mai duwatsu, duk a ajiye su a gida. Wadda ta zo da lalle ba ruwanta, wadda ta zo da dogon farce sai ta yanke a gabanta.

Maigidana mutumin Argungu ne, da kokawar gargajiya ya tashi, wadda ake yi bayan girbi da kiɗa da kirari, inda da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. Ranar da aka gayyaci iyaye kallo, wata yarinya ta sunkuya ta rungumi ƙafafun Auta ta zube ta, sai ya miƙe yana kakkaɓe riga.

“To ai an kayar da ita, me kuma ake jira?”

Kocin ta yi dariya ta ce, “Alhaji, zauna tukuna. A nan kaye maki biyu ne kawai, yanzu aka fara.”

Ta tsayar da wasan ta yi wa iyaye bayani, kuma a nan na san ta san aikinta. Manya suna yin zagaye biyu ne na minti uku-uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Yara kanana minti biyu-biyu. Kin kai abokiyar karawa ƙasa kin hau bayanta, maki 2. Kin ɗauke ta daga tsaye kin jefa ta bayanta ya fuskanci katifa, maki 4. Kin tura ta ta taka wajen da'ira, maki 1. Idan tazara ta kai maki 10, alƙali ya busa usur, an gama. Amma babban abin shi ne danne kafaɗu biyu a katifa, wanda ke kashe wasa nan take ko da wa ke gaba. Ta kawo misalin Odunayo Adekuoroye a Olamfik na Tokyo: tana gaba da maki 8 a kan Anastasia Nichita ta ƙasar Moldoba, ajin kilo 57, sai aka juya ta aka danne, shi ke nan ta fita a karawar farko. Kuma fa wannan mace ce da ta ci azurfa a gasar duniya ta 2017 a Faris, ta ci zinare sau uku a wasannin ƙasashe renon Ingila, 2014 da 2018 da 2022. Tun ranar Alhaji ya daina cewa wasan yara ne. Yanzu duk ranar iyaye shi ke yi wa Auta ihu daga benci cewa ta kwanta ruf da ciki kar ta ba da baya.

Inda na fi yaba mata shi ne maganar nauyi. Kokawar zamani aji-aji ce bisa kilo. A Olamfik mata suna da shida: 50, 53, 57, 62, 68 da 76. Ana hawa sikeli da safiyar ranar karawa, wadda ta wuce ko da ɗan kaɗan ba ta shiga. Duniya ta ga abin da ya sami Vinesh Phogat ta Indiya a Faris a 2024: ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 50, washegari sikeli ya nuna ta haura da giram 100, aka cire ta gaba ɗaya, ko lamba ba ta samu ba. Irin wannan tsoron ne ke sa 'yan kokawa su ƙi shan ruwa, su ƙi cin abinci, su sa leda a ƙarƙashin rigar sanyi suna gudu don su yi gumi. Kocin ta ce min ita ma ta yi, har da tofa yawu a gora dare guda, kuma ta taɓa sumewa a layin sikeli. A ɗakinta ta haramta. Sikelin da ke wurin ranar Asabar kawai ake fito da shi, don a haɗa kowace yarinya da tsararta, kuma ba a faɗin lambar da ƙarfi. Wata rana wata 'yar shekara 14 ta zo tana alfahari cewa tun jiya ba ta ci komai ba, kocin ta zaunar da ita a benci, ta aika aka sayo mata masa da shayi, ta kira uwarta a waya. Yarinya mai girma, wadda jininta ma bai daidaita ba, a ce ta bushe jikinta don kilo ɗaya? Na ga abin da rashin ruwa ke yi wa ƙoda. Da ba don wannan dokar ba, da ko kyauta ne ban kai tawa ba.

Batun sutura shi ne abin da surukata ta fara tambaya, kuma na san shi ne a ran yawancin masu karanta wannan. A wurin horo yara suna sa dogon wando da riga mai dogon hannu, da hula mai kama kai wadda ba ta da allura ko fil. Namiji ba ya shiga sai ranar iyaye. Amma kocin ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce, “Maman Auta, gaskiya ɗaya ce. Ranar da za ta shiga gasar hukuma, singileti ne, ja ko shuɗi, kuma akwai maza a alƙalai da 'yan kallo. Ku yi shawara tun yanzu, kar sai ta ƙware ku zo ku ce ban faɗa ba.” Na kai wa Hajiya maganar yadda take. Ta yi shiru, ta ce a bar ta ta motsa jiki, sauran kuma idan an kai gaɓar a san yadda za a yi. A nan muka tsaya har yau. Wasu iyayen da suka ji haka sun janye nasu, kocin kuma ba ta bi kowa da roƙo ba.

Ita kanta rayuwarta darasi ce ga duk uwar da ke hango jirgin sama da lambar zinare. Ta wakilci jiha a gasar wasanni ta ƙasa, ta taɓa shiga sansanin horo, sai gwiwa ta goce mata a wata karawa. Bayan an cire bandeji wayarta ta daina ƙara. Yanzu da asuba tana kasuwar Farin Gada tana sarin dankalin turawa da kabeji, da yamma ta zo ta buɗe sito. Kunnenta na hagu ya kumbura ya murɗe, irin na waɗanda suka daɗe suna goga kai a katifa, kuma idan sanyin Disamba ya sauko tana ɗingishi.

Tana yawan nuna wa yaran Blessing Oborududu a wayarta, amma ba wasan Tokyo take farawa da shi ba. Takan ce su ƙirga shekarun. An haifi Blessing a 1989 a jihar Bayelsa, iyayenta ma da farko ba su so ba, suna ganin kokawa ta maza ce. Ta je Olamfik na Landan a 2012 ta dawo hannu rabbana, ta je Riyo a 2016 haka. Sai a Tokyo, a watan Agustan 2021, tana da shekara 32, ta kai wasan ƙarshe a kilo 68, Tamyra Mensah-Stock ta Amurka ta doke ta da 4 da 1, ta dawo da azurfa. Ita ce lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu a kokawa, maza da mata. Ta ci kofin Afirka fiye da sau goma, ta ci zinaren ƙasashe renon Ingila a 2018 da 2022, ta kuma yi digiri a Jami'ar Neja Delta a tsakanin hakan. Wannan na ƙarshen ni nake ƙara jaddada wa Auta, ba kocin ba.

Sai dai duk wanda ya dubi sunayen nan zai ga daga ina suke fitowa. Blessing 'yar Bayelsa, Odunayo 'yar Ondo, Daniel Igali da ya ci wa Kanada zinare a Sidni a 2000 ya dawo ya shugabanci hukumar kokawa ta ƙasa shi ma ɗan Bayelsa ne. A Yenagoa da Akure harkar take, can ne ake da katifu na gaske da abokan karawa birjik. Mu nan arewa da muke tutiyar kokawa gadonmu ce, 'yarmu mace ba ta da wurin da ya wuce irin wannan siton. Kocin ta faɗa da bakinta cewa ita tushe kawai za ta iya sawa. Yarinyar da ta nuna alama, nan da shekara biyu ko uku dole a nema mata hanya zuwa kudu. Ta kilo 60 zuwa sama ma tun yanzu ba ta da tsara a ɗakin, da kocin take karawa, ga gwiwa.

Ɗakin kansa bai kai ba. Da'irar kokawa ta ƙa'ida faɗinta mita 9 ne. Tasu guntayen katifu ne aka jera aka rufe da tamfol, ba su kai rabin haka ba, kuma an jingina tsofaffin katifun kwana a bango don kar a bugu. Idan yara sun cika, rabi na zaune suna jira. Wurin canza kaya labule ne a kusurwa. Banɗaki ɗaya ne da masu walda, shi ya sa nake sa Auta ta gama komai daga gida. Akwatin magani da na buɗe, man zafi ne da bandeji guda da ya sha wanki. Lokacin hunturu kwanon nan kamar ba rufi, sai an yi gudu sosai kafin yatsu su saki. Kuma tunda ita kaɗai ce, ranar da ba ta da lafiya ko kaya suka makara a kasuwa, ba aji, ba a kuma rage ko sisi daga kuɗin wata. Wannan ban ji daɗinsa ba, na kuma faɗa mata.

Takalmi kada ki wahalar da kanki neman na kokawa a Jos. Ki shiga gwanjon Katako ki nemi kambas mai taushin ƙasa wanda ya rufe idon sawu, ki wanke, ki hana yarinya taka waje da shi. Ki haɗa mata da gorar ruwa da tawul nata na kanta.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne makero. Cuta ce da ke bin fata zuwa fata da kuma katifa mai gumi, kuma duk inda ake kokawa an san ta. Yara uku suka kamu a wata guda, Auta ta huɗu, a wuya. Da na bincika sai na tarar tamfol ɗin sai ranar Asabar ake goge shi, wai ruwa na wahala a layin. Na kai jarkar bilic da tsumma, na nuna wa manyan 'yan matan yadda ake sirkawa, na ce a goge kafin aji da bayan aji, duk mai tabo a jiki kuma ta zauna a gida sai ta warke. Kocin ta karɓa ba gardama, ta ƙara duba wuya da hannu a kan duba farce. Na biya kuɗin wata mai zuwa, amma na gaya mata a gaban sauran iyaye cewa zan riƙa shigowa ba sanarwa ina shinshina tamfol ɗin, ranar da ban ji warin bilic ba kuma da 'yata zan fita.