Yaron da ya tsayar da aiki a tsakiyar teku

Tun da na fara aiki a dandalin haƙo mai na Tekun Arewa, wanda ake zuwa daga garin Aberdeen na ƙasar Sikotlan, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar ranar da wani yaro mai koyon aiki ya ɗaga hannu ya ce a dakata. An zo tayar da wani famfo, shi kuwa ya lura cewa ma'aikatan da suka tashi ba su sa hannu a takardar izinin aikin ba. Injiniyoyi masu furfura suka ajiye kayan aiki, aka zauna jira har aka nemo mai sa hannun. Ina gefe ina jiran a wanke shi tas, sai na ji shugaban dandalin yana yi masa godiya a gaban kowa.

Wannan tarbiyya da jini suka saye ta. A daren 6 ga Yuli, 1988, dandalin Piper Alpha da ke wannan teku ya yi bindiga, mutum 167 suka rasu, 61 kawai suka tsira. Masu aikin rana sun cire bawul, wato abin da ke rage matsin gas idan ya yi yawa, daga wani famfo domin gyara, labarin bai isa ga masu aikin dare ba, suka tayar da shi, iskar gas ta tsiyaya ta kama wuta. Abin da ya fi ciwo shi ne dandalin Tartan da na Claymore, waɗanda bututu ya haɗa su da shi, sun ci gaba da turo mai da gas alhali suna hangen wutar, domin shugabanninsu ba su ga suna da ikon rufewa ba sai da umarni daga tudu. Mutane da yawa hayaƙi ne ya kashe su a ɗakunan kwana suna jiran a faɗa musu abin yi. Binciken alƙali Cullen ya fito a 1990 da shawarwari 106, aka kuma ƙwace sa ido kan lafiyar ma'aikata daga ma'aikatar makamashi ta Birtaniya, wadda ita ce kuma mai son a ƙara yawan man.

Ba zan ɓoye muku ba, tsarin yana da gajiyarwa. Ba a hawa jirgi mai saukar ungulu zuwa dandalin sai da takardar horo da ake sabuntawa duk shekara huɗu, kuma a horon ana ɗaure mutum cikin kwaikwayon jirgi, a kifa shi a ruwa, a ce ya nemi taga ya fito. Ga rigar roba mai shaƙe wuya, ga sanyin da ke sa ni kewar ranar gida, ga takardu kan kowane ƙusa.

Amma da na tuna halinmu, sai gunagunina ya ragu. Wane ƙaramin ma'aikaci ne a wajenmu zai ce wa oga ya dakata, ya kuma kwana da aikinsa? Mun mayar da shiru a gaban na gaba ladabi ko da rai ne zai salwanta, bayan an yi asara kuma mu ce ƙaddara ce, kamar ba a umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali ba.

A 2010 dandalin Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana malala, kuma kamfanin BP ya amince da biyan hukumomin Amurka sama da dala biliyan 20. A namu ruwan, gobarar dandalin KS Endeavor a gaɓar Bayelsa cikin Janairun 2012 ta ci mutum biyu, ta kuma shafe fiye da wata guda tana ci. Wata ɗaya kafin nan, kimanin ganga 40,000 ta zuba daga filin mai na Bonga. Mutanen gaɓar da suka ce man ya lalata musu kamun kifi da gonaki sun kai ƙara har Landan, a 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce sun makara wajen shigar da ita.