Gargaɗi ga amaren Birnin Kebbi: mai gyaran jikin da ba ta iso ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman amare da iyayen amare na Birnin Kebbi, Jega da Argungu. Akwai wata da ke tallata kanta a Instagram a matsayin mai gyaran jiki daga Kaduna, wai har gida take zuwa. Mu ta ci mana naira 115,000 a bikin ɗiyar yayata, kuma tun da na fara ba da labarin na gamu da gida biyu da ta yi wa haka, ɗaya a Badariya, ɗaya a Gesse. Ban sa sunan shafin ba domin ta riga ta canza shi.

Shafin nata kam ya tsaru. Amare jere, fata tana sheƙi, ga tukunyar dilka tana tururi, ga kaskon turaren tsugunno. Ta ce mana kwana 7 za ta yi a gidanmu: halawa, dilka da kurkum, turare safe da yamma, sannan lalle ja da baƙi, gyaran kai, da kwalliyar kamu da ta walima, duka naira 180,000. Sharaɗinta a tura rabi tun saura wata guda, wai amare sun yi mata yawa, wanda ya riga biya shi ke da rana. Murya ce mai sanyi, ba ta buɗe baki sai da "Hajiyata", ba ta rufewa sai da "Allah ya kai mu lafiya". Sunan da ya fito a asusun na namiji ne. Na tambaya, ta ce maigidanta ne. A nan ya kamata in tsaya, amma na tura 90,000.

Abin da ya ƙara kwantar mana da hankali shi ne saƙon da ta aiko ta tasha: wata 'yar roba ba suna ba takarda, cike da man shafawa mai launin ruwan ƙwai, wai amarya ta fara shafawa kafin ta iso. Kwana huɗu yarinya ta yi fayau, ƙawaye suna ta santi. A na shida wuyanta ya yi ja, bayan kunne ya fara saɓa kamar bawon albasa. Da muka kai robar wurin mai kemis, ya ce a daina nan take, irin haɗe-haɗen bilicin ne da ake zuba wa magunguna masu ƙarfi, waɗanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta daɗe tana jan kunne a kansu. Yarinyar ɓoye wa uwarta ta yi har kwana biyu, don kunya. Ina ganin da wannan kunyar matar take cin kasuwarta, ta san gyaran amarya abu ne da ake yi a ɗaki, ba a kai shi gaban maza a yi shawara.

Ana gobe za ta taso ta nemi 25,000 na mota, ita da yarinyarta. Washegari saƙo ya fara shigowa. Ƙarfe tara suna Zariya. Azahar sun wuce Funtua. La'asar wai an tare hanya wajen Tsafe, mu yi musu addu'a. Duk wanda ya san hanyar nan ba zai yi musu ba, mu kuwa har Inna sai da ta yi alwala ta zauna jan carbi saboda ita. Bayan magariba waya a kashe. Da safe ta toshe mu ko'ina.

Kuɗin da zafi, amma kwanakin da ta cinye mana sun fi ciwo. Saura mako guda biki, lokacin kuma bayan Sallah ne, duk wata mai gyara da aka sani a gari littafinta ya cika. Wata dattijuwa a Nassarawa ce ta rufa mana asiri. Ta dubi wuyan yarinyar ta ce, "Ɗiyata, wa ya yi miki wannan aika-aika?" Ta ƙi sa halawa a wurin, ta hana baƙin lalle mai rini, ta tsaya kan jan lalle da turare kawai.

Daga baya ƙanena ya nuna mini abin da ban sani ba: a Instagram akwai wurin da ake duba bayanin shafi, ana ganin watan da aka buɗe shi da sau nawa aka canza masa suna. Nata sau biyar. Hotunan ma na wasu masu kwalliya ne, an yanke tambarinsu daga gefe.

In za ki ɗauko mai gyara daga nesa, ta kira ki ta bidiyo daga cikin shagonta, ta ba ki lambar amarya ɗaya a garin nan wadda za ki je ki gani da idonki, kuma sunan asusu ya zama nata. Duk mai da ba shi da lambar NAFDAC kada ya taɓa jikin amarya. Mu mun kai rahoto banki da ofishin 'yan sanda da rasit da hotunan hirar. Wadda aka taɓa yi wa haka kada ta goge saƙonnin, ta kai nata rahoton, ko ta shirya mu je ofishin EFCC, hukumar yaƙi da zambar kuɗi, na Sakkwato tare.