Gargaɗi ga masu neman bizar jinya zuwa Indiya

Jama'a dan Allah duk mai mara lafiya a gida da ake shirin fitarwa Indiya ya tsaya ya karanta wannan, wallahi abin da aka yi mana bana so a yi wa kowa.

Kawuna ne ke fama da ciwon ƙoda, sau biyu a sati ake mai wanki, sai wani ya haɗa mu da wani ejan wai aikinshi kenan kai marasa lafiya Delhi. Mutum ne mai bakin zuma, kullum "Baba ya jiki, in sha Allah an kusa", har gida ya zo ya durƙusa ya gaida Kawu. Ya turo mana takardar gayyata ta WhatsApp da tambarin asibiti da sa hannun likita, yace a tura kuɗin biza da kafin alƙalami na aikin dashen ƙoda a akawun ɗinshi shi zai miƙa. Fili aka saida aka tura. Ya karɓi fasfo guda biyu.

Inda ya kamata mu farga tun farko shi ne da yace kar mu damu da neman wanda zai bada ƙoda, wai akwai masu sayarwa a can. Ƙarya ne! Indiya na da doka tun 1994 da ta haramta cinikin sassan jikin mutum, baƙo kuma da ɗan'uwanshi na jini yake zuwa ko matarshi, sai an kawo shaidar dangantaka kwamiti ya zauna ya amince kafin a taɓa shi. Mu a lokacin ruɗewa ta hana mu tambaya, kowa burinshi kawai a tafi.

Sai da ƙanwata ta nemo imel ɗin asibitin a shafinsu na intanet ta tura musu takardar, suka ce ba daga wurinsu ta fito ba, basu ma san sunan Kawu ba.

Bizar jinya daban take da ta yawon buɗe ido, asibitin ne da kanshi ke bada gayyata bayan likitocinsu sun ga sakamakon gwaje-gwajen mara lafiya, masu rakiya suna da tasu bizar kuma mutum biyu ake ba. Ofishin jakadancin Indiya na Abuja da Legas, fom ɗin a intanet ake cikewa. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6. Katin rigakafin shawara ma kar ku yarda wani ya "haɗo" muku, ku je Port Health, wato ofishin lafiyar matafiya na gwamnati, a yi allurar da gaske, sai ta kwana 10 take fara aiki, in babu kati ingantacce za a iya killace mutum har kwana 6 daga saukarshi, to ina mai wankin ƙoda ina wannan?

Kuɗin asibiti kuma a akawun ɗin asibiti ake sawa, ba na wani mutum ba.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, fasfunan dai an ajiye mana su a wani shago mun karɓo, layin ejan ɗin yau sati uku a kashe. Kawu na nan ana ci gaba da wanki, ku sa shi a addu'a.