Igiyar kare mai naɗe kanta: ta yi a unguwa, ba ta yi a dutsen da ake kiwon tumaki ba

Idan ka shiga shagon kayan karnuka a Legas, daga Ikeja har Lekki, ka ce kana son igiya, mai yiwuwa mai naɗe kanta za a fara miƙo maka. Gida ne na roba mai mariƙi, da tef ko siririn zare naɗe a ciki, yana fita yana komawa kamar tef ɗin awo na kafinta. Flexi ta Jamus aka fi sani, sai na kwaikwayo marasa suna da suka cika kasuwa. Yawanci tsawonta mita 5 ne, akwai mai mita 8, kuma a jikin kwali ana rubuta nauyin karen da take ɗauka. 'Yan uwanmu masu gadi da masu kula da karnukan iyayen gida a Ikoyi da Magodo sun saba da ita, kuma su ake cewa su ɗauko kare idan maigida zai je hawan dutse a Ado-Awaye ta jihar Oyo ko Idanre ta jihar Ondo.

A cikin rukunin gidaje mai shimfiɗaɗɗen titi, da sassafe, tana da daɗin aiki. Kare ya shinshina inda yake so, igiya ba ta jan ƙasa, birkin yana ƙarƙashin babban yatsa. Ta asali mai tef mai faɗi tana daɗewa. Iyakar yabonta ke nan.

A kan dutse kuwa, tsawon da ake sayenta dominsa shi ne aibinta. Kare mai kilo 30 da ya hango tunkiya, idan yana da mita 5 a gabansa, kafin tef ya ƙare ya riga ya ɗauki gudu. Fizgar da za ta biyo baya ko ta ƙwace mariƙin daga hannunka, ko ta kayar da kai a gangare. Mariƙin nan kuma ba a rataya shi a wuyan hannu, sai an damƙe shi, alhali a kan matakala irin na Idanre, da suka haura 600, akwai inda kake buƙatar hannu don dafa dutse. Idan ya suɓuce, gidan robar ya riƙa bin kare a baya yana ƙwaram-ƙwaram a kan dutse, karen ya firgita ya ƙara wuta. Kada a kuskura a cafki zaren da hannu yana fita, yana ƙona tafi, yana yanka yatsa. Yashi da tsakuwa kuma suna shiga ciki su sa birki ya cije ko ya ƙi kamawa, na kwaikwayo sun fi saurin yin haka.

Wani zai ce karensa ya girma da ragon gida, ba ya kula shi. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Ragon layya da ke ɗaure a gindin bishiya daban, garken da ya watse da gudu daban, gudun nan ne ke tayar wa kare da halin farauta. Ba sai ya ciji ba ma: tunkiya mai ciki da aka kora tana iya yin ɓari, ɗan tunkiya ya rabu da uwarsa, wata ta faɗa rami ta karye. Wannan dukiyar wani bawan Allah ce, kuma a yankin Oke-Ogun, inda Ado-Awaye take, Fulani makiyaya da manoma duk suna da dabbobi a sake.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan matsala sun yanke magana. A Ingila da Wales, dokar shekarar 2000 ta ce a filayen da aka buɗe wa masu yawo, igiyar kare kada ta wuce mita 2 daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, da kuma kowane lokaci idan ana kusa da dabbobi. A Sikotilan, tun 2021 tarar wanda karensa ya far wa dabbobi tana kaiwa fam 40,000. Ma'aunin mita 2 ɗin nan shi ya kamata mu ɗauka.

Abin da ya fi a saya a shagon shi ne igiyar nailan mai faɗi, mita ɗaya da rabi zuwa 2, mai madauki a ƙarshe, da ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya. A gwada ɗamarar a jikin karen: yatsu biyu su shiga tsakaninta da fata, uku kuwa ta yi sako-sako, zai zame ta baya. A duba ɗinkin inda zobe yake, a ja ƙugiyar a saki sau da yawa a ga tana rufewa da kanta.

Sai zaɓen hanya, wanda igiya ba ta maye gurbinsa. A fara tambayar masu kula da wurin ko an yarda da kare, sannan a tambayi ɗan jagora ta ina garke ke bi da safe da yamma. Gindin dutse, bakin rafi da gonakin da aka girbe su ne wurin tumaki, saman dutse da wuya a same su. A zaɓi hanyar da ake hango gaba da nisa, a guji mai kwana-kwana cikin ciyawa. Sabon kashin tumaki a ƙasa alama ce garke na kusa: a taƙaita igiya, kare ya dawo gefen ƙafa, kai ka shiga tsakaninsa da dabbobin. A yi wa makiyayi sallama daga nesa, a tsaya su wuce, don shi ma sau da yawa yana da nasa karnukan. Shanu ne kawai ke sauya hukunci: idan saniya mai ɗan maraƙi ta taso muku, a saki igiyar, kare ya fi ka gudu.

A hau kafin ƙarfe 9, domin dutse na gasa tafin kare. Ɗora bayan hannunka a kai, in ba ka jure daƙiƙa biyar ba, shi ma ba zai jure ba. Kare mai kilo 30 yana shan kusan lita 2 a rana ko ba ya hawa, saboda haka a riƙe masa ruwansa daban. A kwashe kashinsa a leda, domin ƙwan tsutsar ciki da ke cikinsa na iya kaiwa ƙwaƙwalwar tunkiya ta riƙa juyi wuri guda. Kafin a shiga mota a dawo Legas, a duba kunnuwa, hammata da tsakanin yatsu saboda kaska.