Ƙaramin Injin Sassaƙa Ƙarfe Sabo, ko Tsohon Myford: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Koyo?

Malam, ka tambaya ko ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe na ƙasar Sin, wanda ake kira 7x14, za ka saya, ko kuwa tsohon Myford ML7 da aka yi maka tayinsa, alhali ba ka taɓa aiki da irin wannan inji ba, wato mai juya ƙarfe wuƙa tana sassaƙarsa. Zan auna maka su ta fuskar lafiyar hannunka da idonka, domin can ya kamata a fara.

Myford ML7 ƙirar Ingila ne, an fara ƙera shi a Nottingham a 1946, aka daina a 1979, saboda haka kowanne ka samu ya haura shekara arba'in. Da bel yake tafiya, gudunsa kuwa daga juyi 35 zuwa 640 ne a minti, kuma wannan rashin gaggawa alheri ne ga mai koyo, tunda idan wuƙa ta cije a jikin ƙarfe, sau da yawa bel ɗin ne zai sulluɓe kafin ɓarna ta yi yawa. Sai dai bakinsa mai riƙe ƙarfe, wato cok, murɗa shi ake yi a jikin injin kamar yadda ake murɗa noti, wanda ke nufin idan aka juya injin baya da ƙarfi zai iya kwancewa ya faɗo. Da yawansu kuma murfin bel ya ɓace tuntuni, ba su da maɓallin tsayarwa na gaggawa, kuma gadon da wuƙa ke tafiya a kai yakan cinye a kusa da cok.

Shi kuwa 7x14, irin wanda kamfanin Sieg na Shanghai ke yi, yana ɗaukar ƙarfe mai tsawon milimita 350, cok ɗinsa da noti aka ɗaure shi, yana da jan maɓallin tsayarwa, yawancinsu kuma ba sa tashi sai an rufe murfin cok. Rauninsa giyoyin roba ne da ke karyewa idan aiki ya cije, da allon lantarki wanda hawa da saukar wuta ke ƙonawa, don haka kada ka haɗa shi da janareta ba tare da na'urar daidaita wuta ba. Abin da ya fi damuna shi ne yana kaiwa juyi 2500 a minti, ƙanƙantarsa kuma takan sa mutum ya raina shi.

Idan ba ka da ƙwararren da zai duba maka Myford ɗin kafin ka biya, ka ɗauki 7x14, ka kafe shi da noti a kan teburi mai nauyi, ka fara da alminiyam ko tagulla a gudu kaɗan.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka bar makullin cok a jikinsa ko da na ƙiftawar ido ne, domin inji na tashi zai wurgo maka shi. Kada ka sa safar hannu, ko zobe, ko agogo, ko riga mai faɗin hannu, saboda abin da ƙarfe mai juyawa ya kama ba ya sakinsa. Ka sa tabarau na kariya, ka juya cok da hannu sau ɗaya kafin ka kunna don ka tabbata ba ya bugun komai, kuma ɓarɓashin ƙarfe da burushi ake share shi, bayan injin ya tsaya cik.